Yadda Ake Sauya Firam ɗin Katako Da Na Alminiyam A Rumfar Sola, Da Kurakuran Da Ke Jawo Asara

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta domin cajin waya ya zama abin da ba kowane mai shago ke iya jurewa ba. Katsewar lantarkin da ta shafi yawancin jihohin Arewa na kwanaki da dama a watan Oktoban 2024 ta ƙara tura jama'a ga sola. A garuruwa irin su Karfi da ke ƙaramar hukumar Malumfashi, da sauran yankin noma na Funtua da Bakori, ba wuya a ga farantan sola a saman rumfar mai caji, ko shagon POS, ko gidan da aka haɗa wa fanka da firji.

Idan ana maganar sola, hankali yakan tafi kan wat nawa farantin yake bayarwa, da girman batir, da sunan inbata. Abin da ke riƙe da farantan kuwa, sau da yawa ragowar katakon rufi ne da kafinta ya haɗa da ƙusa cikin yini guda. Farantin sola mai kyau ana ba shi garantin aiki na shekara 25, amma katakon da aka ɗora shi a kai zai iya lalacewa cikin 'yan damuna kaɗan. Ranar da firam ya karye, faranti ne ke fashewa, sana'a ta tsaya, wani lokacin har a ji wa mutum ciwo.

Wannan bayani ya shafi yadda ake cire firam ɗin katako a maye gurbinsa da sandunan alminiyam, da lissafin da ya kamata a yi kafin a biya kuɗin kaya.

Abin da ke kashe katako a wannan yanki

Abu uku ne ke haɗuwa su ci ƙarfin katako a kudancin Katsina.

Na farko gara. Gara tana hawowa daga ƙasa ta cikin hanyar da take ginawa da laka, ta cinye cikin katako ta bar fatarsa. Shi ya sa dirka za ta yi kyau a ido alhali cikinta ya zama gari. Shafa baƙin mai ko maganin katako yana jinkirta ta, sai dai ba ya shiga can cikin itacen, kuma duk inda aka yanka da zarto bayan an shafa, ƙofa ce aka buɗe mata.

Na biyu sauyin yanayi. Da damina katako yana shan danshi ya kumbura. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, sai ya tsuke ya tsage. Kowace shekara ramin ƙusa yana ƙara faɗi kaɗan, har ƙusar ta koma tana zaune a ciki ba tare da ta riƙe komai ba. Katakon da aka saya ɗanye ya fi saurin yin haka, kuma yakan murɗe, ya ja farantin da ke kansa ya karkace. Karkacewar faranti tana iya tsaga ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa, tsagar da ido ba ya gani amma tana rage wuta.

Na uku iskar farkon damina. Mutane da yawa suna zaton nauyin faranti ne babban abin da firam ke ɗauka, alhali iska ce. Farantin wat 550 tsawonsa kusan mita 2.3 ne, faɗinsa mita 1.1, wato fili na kusan murabba'in mita 2.6, nauyinsa kuma wajen kilo 28. Iskar da ke gudun kilomita 108 a awa tana matsa kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 55. Idan ta samu farantin sosai, ƙarfin zai haura kilo 140 a kan faranti guda. Faranti huɗu nauyinsu kilo 112 ne, amma iska irin wannan za ta iya fizgarsu da ƙarfin da ya wuce rabin tan. Kuma idan ta shigo ta ƙasa, sama take ɗagawa, wato daidai hanyar da ƙusa ta fi sauƙin zarewa.

Yadda za a gane lokacin sauyi ya yi

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A ɗauki sukudireba a soka a gindin dirka, daidai inda ta haɗu da ƙasa, da kuma kusa da kowace ƙusa. Idan ta nutse ba tare da an yi ƙarfi ba, katakon ya tafi. A ƙwanƙwasa shi da guduma, idan ya yi ƙara irin ta ganga to akwai rami a ciki. A duba ko akwai layin laka a jikinsa, ko gari mai kama da tsaki a ƙasansa. A ja igiya daga wannan ƙarshen sanda zuwa wancan a ga ko tsakiyar ta lotsa. A ƙarshe a kama firam ɗin a girgiza. Wanda ke rawa a hannun mutum ɗaya ba zai tsaya wa hadarin watan Mayu ba.

Mene ne alminiyam, kuma me ya sa ake zaɓensa?

Alminiyam shi ne ƙarfen da aka fi sani da goran ruwa, wanda ake zuba tukwane da shi, ake kuma yin tagogi da gwangwanin lemo. Yana cikin jikin wayoyi da kwamfutoci da yawa. Gefen kowane farantin sola ma da shi aka zagaye.

Ana samo shi daga wata ƙasa mai suna boksait, wadda ƙasar Gini ke cikin waɗanda suka fi kowa arzikinta a duniya. A da yana da tsada ƙwarai, har a shekarar 1884 aka yi hular saman hasumiyar tunawa da Washington a Amurka da shi don nuna ƙasaita. A 1886 Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka gano yadda ake tace shi da lantarki, daga nan farashinsa ya faɗi. Har yau wannan hanya ake bi, kuma tana cin wuta sosai: kilo ɗaya na buƙatar kusan yunit 14 na lantarki, wutar da za ta cika batirin waya mai 5000mAh fiye da sau 700. Wannan ne babban dalilin tsadarsa. Najeriya ta gina masana'antar tace shi, ALSCON, a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom, ta fara aiki a 1997, amma ta shafe yawancin shekarunta a rufe. Narkar da tsohon alminiyam kuwa yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na wannan wuta, abin da ya sa 'yan gwangwan ke nemansa ido rufe.

Amfaninsa a firam ɗin sola a bayyane yake. Gara ba ta cin sa. Ba ya kumbura da ruwa. Ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, domin da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta rufe shi ta kare abin da ke ciki. Ga rashin nauyi: idan aka yanko shi da baƙin ƙarfe girma ɗaya, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Wannan yana da muhimmanci idan za a ɗora firam a kan rufin kwano ko ginin ƙasa da ba ya son kaya mai nauyi.

Ba kowane alminiyam ne ke ɗaukar kaya ba

A nan ne aka fi yin asara. Zallan alminiyam laushi gare shi, don haka ake gauraya shi da wasu sinadarai, kowane gauraye da lambarsa. Masu bibiyar wayoyi za su tuna abin da ya faru a 2014, lokacin da aka yi ta ƙorafin iPhone 6 Plus tana lanƙwashewa a aljihu. Da Apple ya fitar da iPhone 6s a 2015, sai ya koma amfani da alminiyam na jerin 7000, wanda ya fi ƙarfi. A ido duk fari ne mai sheƙi, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba.

Lambobin da suka shafi wannan aiki uku ne. 6063 shi ne aka fi yin tagogi da ƙofofi da shi, yana da kyan gani amma ƙarfinsa matsakaici ne. 6061 ya fi shi ƙarfi, ana amfani da shi a aikin da ke ɗaukar nauyi. 6005 kuwa shi ne yawancin kamfanoni ke yin sandunan ɗora sola da shi. Bayan lambar akan ga T5 ko T6, wato irin gashin da aka yi masa a masana'anta don ya yi tauri.

Sandar da mai haɗa taga ke amfani da ita siririya ce, kaurin bangonta yakan tsaya a wajen milimita 1, domin gilashi kawai aka yi ta ta riƙe a cikin bango. Ba a yi ta don ta tsallake mita biyu a sarari tana fama da iska ba. Don firam, a nemi wadda kaurin bangonta ya kai milimita 2 ko fiye. Kada a dogara da faɗar mai sayarwa, a auna a bakin yankan.

Lissafin lanƙwasa

Akwai zaton cewa tunda ƙarfe ne, kowace sandar alminiyam ta fi katako. Lissafi bai yarda da haka ba. Gaskiya ne alminiyam ya fi katako tauri kusan sau bakwai idan duka biyun cike suke, amma sandar alminiyam fanko ce, katako kuwa cike yake da nama.

A ɗauki katakon tu-bai-fo mai lafiya, milimita 50 da 100, a tsaye a kan gefensa. Idan aka cire shi aka sa fayif ɗin alminiyam mai kusurwa huɗu, 50 da 50, kauri milimita 2, sabon zai lotsa kusan ninki huɗu na yadda katakon ke lotsawa a ƙarƙashin kaya iri ɗaya. Sai an kai 50 da 100, kauri milimita 2, sannan a samu wanda ya ɗan fi katakon tauri. Nauyin wannan bai wuce kilo 1.6 a kowace mita ba, katakon kuwa yakan kai kilo 2.5 ko fiye.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Na ɗaya, tsayin sanda ya fi faɗinta muhimmanci. Sandar 50 da 100 ɗin nan, idan aka kwantar da ita a kan faɗinta maimakon a tsayar da ita a gefe, taurinta yana komawa kusan kashi ɗaya cikin uku. Na biyu, tazarar da ke tsakanin dirkoki ita ce ke da babban tasiri. Idan aka ninka tazarar sau biyu, aka bar kaya iri ɗaya a kowace mita, lotsawar ba ninki biyu take yi ba, ninki 16 take yi. Haka nan idan aka ƙara dirka ɗaya a tsakiya aka raba tazarar biyu, lotsawar za ta ragu ƙwarai. Sau da yawa ƙara dirka ya fi sayen sanda mai kauri araha.

Idan aka kwatanta da baƙin ƙarfe kuwa, alminiyam yana lanƙwasa ninki uku in girmansu ɗaya. Saboda haka mai walda da ya saba da angul ayon ba zai ɗauki ma'aunin da ya saba da shi ya ɗora a kan alminiyam ba.

Me ya sa ba a kai shi wurin mai walda?

Injin walda na bakin titi, mai amfani da sandar ƙarfe, ba a yi shi don alminiyam ba. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, amma fatar da ke rufe da shi sai ta haura digiri 2,000 take narkewa. Kuma ba ya yin ja kafin ya narke, sai dai kawai a ga ya zube. Waldarsa tana buƙatar injin TIG ko MIG da iskar agon, da wanda ya ƙware.

Ko an samu mai yi, akwai wata matsala. Zafin walda yana warware gashin T5 ko T6 a kewayen wurin da aka liƙa, ƙarfin wurin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Wato mahaɗar, inda aka fi buƙatar ƙarfi, ita ce za ta zama mafi rauni. Wannan ya sa firam ɗin sola na kamfani kusan duka da noti ake haɗa su. Amfanin noti kuma shi ne, ranar da aka tashi daga shagon haya ana iya kwance firam a tafi da shi.

Abubuwan da alminiyam ba ya shiri da su

Rashin tsatsa ba ya nufin babu abin da ke cin sa. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu, danshi ya shiga tsakaninsu, suna zama kamar ɗan ƙaramin batir, ɗaya ya riƙa cinyewa. A mafi yawan haɗuwa, alminiyam ne ke cinyewa. Alamar ita ce farin gari da ƙananan ramuka a kewayen noti.

Jan ƙarfe, wato kofa, shi ne ya fi yi masa illa. Kada a naɗa tsirarar wayar kofa kai tsaye a jikinsa. Haka katakon da aka jiƙa da maganin da ke ɗauke da kofa, wanda yakan yi launin kore-kore, bai kamata ya manne da shi ba.

Noti na baƙin ƙarfe zai yi tsatsa ya ɓata ramin. A yi amfani da noti da wosha na sitenles. Akan ga an buga A2 a kan irin wannan noti, kuma yawancin kayan ɗora sola girman M8 suke amfani da shi.

Ɗanyen siminti yana cin alminiyam. Kada a dasa sandarsa kai tsaye a cikin kankare. A zuba kankaren da noti a ciki, ya bushe, a sa roba ko a shafa kwalta a ƙasan sandar, sannan a ɗaure.

Akwai kuma abu biyu da suka shafi yankin noma musamman. Takin zamani na NPK yana ɗauke da gishirin da ke huda alminiyam idan ya samu danshi, don haka kada a jingina buhunan taki da ƙafar firam, ko da rumfar ta zama wurin ajiya da damina. Toka ma haka, ruwanta yana cin sa. Rumfar da ke kusa da mai shayi ko mai tsire tana buƙatar a kula da inda ake zubar da toka.

Zafi yana miƙar da shi

Alminiyam yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Sanda mai tsawon mita 6, idan zafin jikinta ya tashi da digiri 40, tana ƙara tsawon kusan milimita 5.5. Tsakanin asubar watan Janairu da tsakar ranar watan Afrilu, ƙarfen da ke cikin rana yana iya ganin irin wannan bambanci. Idan aka ɗaure shi tamau ba wurin motsi, zai riƙa tura noti yana ja har ya sassauta. Maganin shi ne a bar 'yar tazara a inda sanda biyu suka haɗu, a kuma yi wasu ramukan su ɗan yi tsawo maimakon zagaye.

Matakan aikin

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Maris. Babu ruwa, kankare zai samu kwanakin da yake buƙata, kuma za a gama kafin iskar Afrilu da Mayu.

1. A ɗauki hoton yadda wayoyi suke a haɗe, a sa wa kowace alama da tef. Wannan hoto shi ne madogara idan aka zo mayarwa.

2. A kashe inbata, a kashe makunnin da ke tsakanin faranti da na'urar caji, sannan a cire mahaɗan MC4. Ba a cire su alhali wuta na gudana, domin wutar DC tana yin tartsatsin da ba ya saurin mutuwa. Faranti ɗaya na wat 550 yana ba da kusan bolt 50 ko ba a haɗa shi da komai ba, huɗu a jere kuwa kusan bolt 200 ne. A yi aikin da sassafe, ko a rufe farantan da bargo.

3. A sauke farantan mutum biyu-biyu. A jingina su a tsaye a inuwa da kwali a tsakaninsu. Kada a taka su, kada a ɗora musu kaya.

4. A cire tsohon katako gaba ɗaya, har da guntun da ke binne a ƙasa. Idan a kan rufi ne, a leƙa katakon da ke ƙarƙashin kwano. Sabon firam da aka ɗaure a jikin ruɓaɓɓen rufi zai tashi ne tare da rufin.

5. A auna, a zana a takarda, a sayi kaya bayan an gama zanen. A ƙasan kowace dirka a zuba kankare mai nauyin da zai hana iska tumɓuke ta.

6. A yanka da zarton ƙarfe ko injin yanka, a goge bakin yankan don kada ya yanke waya ko hannu. A huda ramin noti nesa da bakin sanda da aƙalla ninki biyu na kaurin notin, don kada ya yage.

7. A sa sandar da ta gitta daga kusurwa zuwa kusurwa a ɓangarori biyu. Firam mai kusurwa huɗu zalla yana iya kwantawa gefe, amma mai kusurwa uku ba ya yi.

8. A ɗora farantan da maƙalan da aka yi don wannan aiki, waɗanda ke danne gefen faranti a kan sanda. Kada a huda sabon rami a gefen faranti, yin haka yana soke garanti, kuma ɗan kuskure zai fasa gilashin. Takardar kowane faranti tana nuna inda ya kamata maƙalan su zauna.

9. A haɗa wayar at. Alminiyam yana ɗaukar lantarki sosai, kusan kashi 60 cikin 100 na yadda kofa ke ɗauka, abin da katako ba ya yi. Idan waya ta ɓare ta taɓa firam, duk firam ɗin ya zama mai wuta. A haɗa shi da sandar da aka kafa a ƙasa, ta hanyar mahaɗin da aka yi don haɗa kofa da alminiyam, da wosha mai haƙora da za ta huda fatar ƙarfen. Wannan mataki na mai aikin lantarki ne.

10. A ɗaure wayoyi a jikin sanda yadda ba za su yi lilo ba. Bayan mako biyu, da kuma bayan hadarin farko, a bi kowane noti da sifana.

Wani gargaɗi da ya shafi rai: sandar alminiyam takan zo da tsawon kusan mita 6, ga ta shafal, mutum ɗaya zai iya ɗaga ta tsaye. Shaguna da yawa a bakin titi suna ƙarƙashin wayoyin KEDCO. Babbar waya ba sai an taɓa ta ba, kusantarta kawai ya isa wuta ta yi tsalle. A riƙa ɗaukar sanda a kwance, mutum biyu, kuma kada a ce ai babu wuta yanzu.

Ina farantin zai fuskanta?

Tunda an kwance komai, dama ce ta gyara kusurwa. Yankin Malumfashi da Funtua yana tsakanin digiri 11 da 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka faranti ya fuskanci kudu, a karkace da digiri 10 zuwa 15. Ba a son ya miƙe da yawa, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana takan ɗan koma ta arewa da tsakar rana. Ba a kuma son ya kwanta shimfiɗe, domin ruwa da ƙurar hunturu za su zauna a kai. Manhajar kamfas da ta awon karkata da ke cikin waya sun isa wannan aiki, sai dai a matsa nesa da ƙarfe lokacin duba kamfas.

A bar tazarar aƙalla santimita 10 tsakanin faranti da kwano don iska ta ratsa. Faranti yana rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri ɗaya da zafin jikinsa ya haura 25. Wanda ya kai digiri 65 a kan kwano ya yi asarar fiye da kashi 10 cikin 100 kenan.

Batun kuɗi da sayayya

Alminiyam ya fi katako tsada nesa ba kusa ba a ranar saye, kuma farashinsa yana bin dala. Hanyar kwatantawa ita ce a raba kuɗin kowanne da shekarun da ake sa ran zai yi, a haɗa da kuɗin kafinta a duk sauyi, da kuɗin faranti guda idan ya fashe, da cinikin kwanakin da shago zai zauna ba wuta.

Wanda kuɗinsa bai kai ba yana da zaɓi na tsakiya: dirkoki na fayif ɗin ƙarfe mai rufin zin, sandunan sama da farantan ke zama a kai kuma na alminiyam, da 'yar roba a tsakaninsu. Wannan haɗi ya fi araha, dirkokin sun fi tauri, kuma an rabu da gara. Ga rumfa mai tsayi ko mai faranti da yawa, shi ne ma ya fi dacewa. Mai ƙaramin faranti ɗaya na cajin fitila da waya kuwa, busasshen katako mai kyau da aka ɗaga daga ƙasa, aka ɗaure da noti maimakon ƙusa, zai iya isarsa muddin yana dubawa duk shekara.

Masu sayar da kayan sola a Funtua da Kano sukan kawo sandunan ɗora faranti tare da maƙalansu, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sananniya ce wajen kayan gini da ƙarafa. Kafin a biya, a tambayi lambar gaurayen, a auna kaurin bango, a kuma tafi da maganaɗisu. Ba ya kama alminiyam, don haka duk sandar da ya manne mata baƙin ƙarfe ce da aka yi wa fenti. Notin sitenles na A2 ma ba ya kama shi, ko ya kama da rauni ƙwarai.

Sai batun sata. Abin da ya sa alminiyam ke da daraja ko ya tsufa shi ne ke jawo masa ɓarayi. Firam ɗin da aka haɗa da noti, mai sifana zai iya kwance shi cikin dare. Akwai notin da kansa ke karyewa bayan an ɗaure, da wanda sai da makulli na musamman ake kwance shi. Sa irin waɗannan a 'yan wurare, tare da fitila mai kunna kanta idan ta ga motsi, yana rage haɗarin.

Idan firam ɗin zai wuce tsayin mutum biyu, ko mutane za su riƙa zama a ƙarƙashinsa kullum kamar rumfar kallon ƙwallo, ko za a ɗora masa tankin ruwa, to lissafin da ke sama bai wadatar ba, a nemi injiniyan gini ya duba zanen. Tankin lita 1,000 idan ya cika nauyinsa tan guda ne. Ga sauran masu rumfa kuwa, matakin farko ba ya cin ko sisi: a ɗauki sukudireba a gwada gindin dirka tun kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas.